Neman Mai-gemu a Gidan Gwaggo Tumba

Tun ranar da na dawo daga Nijar ba ku bar ni na huta ba. In na zauna majalisa, "Sa'idu, yaya Faransa?" don haka muke ce ma Nijar. In na shiga kasuwa, "Sa'idu, ina tsaraba?" Har wanda bai taɓa gaishe ni ba ya tare ni bakin masallaci, wai an ce na tafi da buhu na dawo da aljihu. To, gaskiya ne. Ku gyara zama in faɗa muku sau guda, don wallahi na gaji da maimaitawa.

Wanda bai sani ba, mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Gatawa. 'Yan bindigar da sunka tashi mutane mu ma sunka tashe mu, munka dawo Sabon Birni, ni da iyalina da Baba. A gidanmu akwai wani gero da muke ce ma mai-gemu, don zangarniyarshi gashi gare ta dogo, tsuntsu in ya sauka sai ya tsokane mishi ido ya tashi. Ba ya saurin nuna, amma in ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki, shi shina nan tsaye abinshi. Baba wurin ubanshi ya gaje shi. Ni ne na raina shi. Ni na kawo iri mai saurin nuna, na dami Baba har ya bari munka cika gona da shi, mai-gemu ya koma ɗan rumbu guda bayan gida. Ranar da munka gudu ba wanda ya tuna da rumbu. Da anka samu damar komawa a duba, toka anka iske.

Baba bai taɓa ce min ni na ja ba. Da ya faɗa, da ya fi min sauƙi.

Bana wani surukina ya ara mana 'yar gona bayan gari. Ranar da shamuwa ta fara sauka kan tsamiyar unguwarmu, alamar ruwa ya kusa, Baba ya kira ni. Ya ce, "Sa'idu, Tumba na da shi. Ranar da anka kai ta ɗaki, uwarmu ta ɗaure mata zangarniya cikin kaya. Ka tai ka amso min. Ina son in ƙara ganin gemun nan shina kaɗawa, ko sau guda ne."

Gwaggo Tumba ƙanwarshi ce, tana aure wani ƙauye gaba da Gidan Rumji. Na ce, "Baba, mu buga ma Mamman waya mana." Mamman ɗanta ne, taubashina. Baba ya harare ni. Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin an roƙi iri ta waya ba, tashi ake a tafi. Ni dai na san abin da ya sa nake noƙewa. Shekara tara rabona da Gwaggo. Ko da mijinta ya rasu, saƙon gaisuwa kawai na aika.

Da safe na naɗe buhu sabo fil, na hau kabu-kabun wani Ilu, wanda shi da hanyar nan kamar tsakar gidansu. Ilu akwai surutu. Tun daga tasha yake ba ni labarin wa ya yi aure, wa ya sai da raƙumi, sai da munka kai wani wuri mai duhuwa ya yi tsit, ya ce, "Malam, riƙe ni, ka yi addu'a." Ya murɗa. Ba wanda ya ƙara magana sai da munka fito fili, ya ci gaba da labarin raƙumi daga inda ya tsaya.

Inda anka ji tsoro ba abin da ya same mu. A tsakiyar gulbi, wanda ya bushe ƙaf, inda ba kowa sai mata suna tonon ruwa cikin rairayi, nan Ilu ya kayar da ni. Ƙafar gaba ta nutse, na wuce ta kanshi, hulata ta yi gaba ita kaɗai. Matan nan sunka yi ta "sannu, Malam", suna rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Wata ta kawo min hular cike da ƙasa. Ilu kuwa babur ɗinshi ya fara dubawa kafin ni. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na kusa.

A iyaka wani jandarma ya amshi katina, bai ko dube shi ba, fuskata yake kallo. Ya ga zube. Ya ce, "Iye! Bagobiri! Yau bawana ya zo gaishe ni." Na gane Bazabarme ne, abokin wasanmu, na ce, "Ai kai ne bawan, shi ya sa anka tsai da kai cikin rana kana tsare min hanya." Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya warware buhuna, ya leƙa, ya zazzage. Ya ce, "Kowa na wucewa da kaya, kai iska ka ɗauko?" Na ce gero za ni nema. Ya ce Najeriya duk girmanta ba gero? Sai na ba shi labarin mai-gemu. Dariyar ta tafi. Ya ce kakarshi na da wani wake ja, ƙanana, tun shina yaro rabonshi da ganin irinshi, kuma bai san ranar da ya ɓace ba, ba wanda ya yi shela. Ya miƙo min kati, ya ce, "Wuce, bawana. Allah ya sa ka iske."

Gidan Rumji na iske ranar kasuwa ce. Na ci burodinsu mai tsawo kamar ƙotar fartanya, wanda sai ka tsoma cikin kofi da madara kafin ya yarda da haƙori. Na ci soyayyar fara da yaji har ido na ruwa. Hausa ɗaya muke yi da su, amma in sunka zo ga lokaci ko kuɗi sai su juya harshe zuwa Faransanci, in tsaya ina kallonsu baki buɗe. Ina cikin haka anka fizge min hula ta baya. Mamman ne. Ya ce, "Wa na kama? Ashe kana da rai! Mun zaci kun sai da hanyar gidanmu." Ya zo kasuwa da amalanke, na hau munka kama hanya.

Rana ta yi tsaka, shanu na tafiya a hankali, ni ina kallon gonakinsu ina mamaki. Ku kun san yadda muke sassabe: gona sai ta koma tas kamar an wanke faranti, wanda ya bar sabara ko kalgo, a ce raggo ne. Su kuwa ko'ina itace ne tsaye cikin gona, manya da ƙanana. Na ce, "Mamman, ciwon baya gare ku duk garin? Ko gatari ne ya yi tsada?"

Ya ce, "Kai dai baƙauyen birni ne. Wannan sassabin zamani ake ce mishi." Ya tsai da shanu ya nuna min wani kututturen kalgo. Ya ce tushen na nan da rai ƙarƙashin ƙasa, duk shekara shina tofo, mu kuma duk shekara muna sare shi mu ƙone. Su sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran, su riƙa yi musu aski har su zama itace. Ba shuka, ba ban ruwa. Ya ce da can iska kan binne musu shuka sau biyu sau uku kafin ta kama, yanzu itacen na tare ta, mata kuma sun daina yini neman makamashi.

Na ga gaskiyarshi, amma taubashi ba a yarda mishi a fili. Na kishingiɗa kan buhunan dusa. Inuwa ta rufe ni, rana ta buɗe, wata inuwar ta rufe ni, haka dai haka dai, har na kasa rabe barci da ido biyu. Sai na ji fakara ta yi kuka. Jama'a, yaushe rabonku da jin fakara? Ni ban san na daina jin ta ba sai da na ji ta. Nan take na ganni ina ɗan shekara bakwai bayan jakin Baba, za mu gona da sanyin safiya, zabin daji na tsallake hanya a jere, burtu biyu na takawa cikin ƙyasuwa kamar dattawa za su ɗaurin aure. Na ga kanyar bakin gonarmu, wadda ni da hannuna na sa anka sare ta don wai tana cin fili. Ban san iyakar inda na kai ba, sai na ji Mamman na cewa, "Tashi, sarkin barci, ga gonata."

Ƙarƙashin wani babban gawo shanu ne kwance, da wani tsohon Bafillace shina jingine da sanda. Ba za ni ɓoye muku ba, gabana ya faɗi, kun san daga inda na fito. Mamman kuwa ya sauka sunka gaisa hannu biyu, suna tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk rani nan tsohon ke sauka. Shanu su ci 'ya'yan gawo da kara, su bar taki. Ruwa na sauka sai tsohon ya bi burtali da shanunshi ya yi arewa, kuma burtalin ba mai sa mishi fartanya, duk garin sun san iyakarshi. Da tsohon ya ji daga Sabon Birni nake, ya ce ya yi kiwo wajen Alkalawa da Isa shina saurayi. Ya tambaye ni ko gamba na nan a fadama, mai rufe mutum da saniyarshi. Na ce sai dai ɗaiɗai. Ya kaɗa kai, ya miƙo min nono cikin ƙwarya. Na sha ina jin kunyar faɗuwar gaban da na yi.

Da la'asar munka isa. Gwaggo Tumba ta tsufa, ta ƙanƙance, ido ya yi rauni. Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafa zubena tana kuka, tana cewa, "Ɗan Yaya, ɗan Yaya, ashe za ni ƙara ganinka." Da ta natsu ta ce, "Lafiya dai ka taho?"

Nan ne na yi wautar da za ni mutu da ita. Ya za a yi, bayan shekara tara, in buɗe baki in ce buƙata ta kawo ni? Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo. Gaisuwa ce kawai." Na cusa buhu ƙarƙashin tabarma. Na ce a raina sai kwana na uku, yadda ya kamaci baƙo mai kunya, sannan in kawo maganar.

Anka sauke ni ɗakin zaure, anka share, anka yayyafa ruwa. Ina jin sussuka daga cikin gida, ina jin daka, ban kawo komai a raina ba. Kafin magariba Hadiza, matar Mamman, ta kawo fura cikin ƙwarya da faifai a kai.

Ludayi guda na kai baki na tsaya. Shi ne. Mai-gemu ne, ko cikin barci aka ba ni na san shi. Akwai wani ƙamshi gare shi kamar ƙasa ta sha ruwan farko, da ɗan zaƙi can ƙarshen harshe wanda ba na sukari ba. Zauren ya ɓace min. Na ga uwata, Allah ya jiƙanta, zaune bakin turmi tana cura fura, gari a goshinta, tana korar kaji da ƙafa. Na ji muryar Baba tun shina da ƙarfi, shina kiran a kawo mishi igiyar ɗaure dami. Na sha, na sha, hawaye na zuba cikin ƙwarya, ban damu ba. Mamman ya ce, "Kai, yaji ne ya yi yawa?" Na ce, "Ka faɗa ma Gwaggo, tun rasuwar Inna ban sha fura irin wagga ba."

Kuma na yi murna, wallahi na yi murna. Na ce a raina, wadda ke dama fura da shi ai rumbu gare ta cike. Buhuna ma zai yi kaɗan.

Kashegari hankalina kwance Mamman ya zagaya da ni. Ya kai ni wani ɗan daji bayan gari da sunka haɗu sunka hana sara, sai busasshe ake ɗiba. Na ga amya rataye kan itatuwa, zuma na shiga na fita. Na ga mata na tsintar aduwa da magarya, wata tsohuwa na ɓantarar saiwar magani, ta ɗebi kaɗan ta mai da ƙasa ta rufe sauran. Ni dai tafiya nake kamar ba a ƙasa ba, furar jiya ba ta sake ni ba. Da munka dawo anka kawo wata, ƙwaryar ta fi ta jiya girma. Na shanye ta tas, har da lashe ludayi.

Rana ta uku da hantsi na shiga na durƙusa gaban Gwaggo. Na yi 'yan kewaye-kewayena, sannan na ce Baba ya aiko ni ta taimaka mishi da irin mai-gemu.

Ta ce, "Irin mi?"

Na maimaita. Ta dafe baki. Sannan ta ce, "Sa'idu, ai ka shanye shi."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Ba ta yi ba. Ta ce 'ya'yanta duk sun koma wani iri, ita kaɗai ke shuka shi ɗan lungu bayan ɗaki. Duk shekara ta zaɓi zangarniya masu kyau ta rataye cikin hayaƙin madafa. Bara tsutsa ta yi mata ɓarna, bakwai kaɗai ta samu. Ta ce, "Da na gan ka na rasa abin da za ni ba ɗan Yaya, sai na sauke uku. Da Mamman ya ce ka tuna uwarka har ka yi kuka, jiya na sauke sauran. Na ce ai gidan Yaya rumbu gare su, in ka koma ka aiko min."

Na ce, "Gwaggo, rumbun ya ƙone."

Ashe Baba bai taɓa bari an faɗa mata ba, don kada hankalinta ya tashi. Ta ce, "Innalillahi." Ni ma na ce. Munka zauna muna kallon juna, ita ta ba da don tana ganin muna da shi, ni na sha don ina ganin tana da shi. Na ji kamar in sa hannu cikin cikina in fiddo shi. Abin da kakannina sunka riƙe, fari bai ci shi ba, tsuntsu bai ci shi ba, wuta ma ta rage saura, ni Sa'idu na ƙarasa shi da ludayi. 

Hadiza ce ta yi magana daga bakin madafa. Ta ce ma Gwaggo, "Inna, ƙaiƙayin jiya fa ban zuba ma tumaki ba tukuna. Shina cikin kwando."

Ban san ina da gudu ba sai rannan. Mun iske wani rago ya riga ya tura kai cikin kwandon, Mamman ya kama shi ta ƙaho, ni ta ƙafa, ya harbe ni a ƙirji, ban ko ji zafi ba. Munka shimfiɗa buhun nan nawa, aikin da ya yi ke nan duk tafiyar. Hadiza ta sake sheƙe ƙaiƙayin a hankali, sau uku, kan faifai. Ni da Mamman munka durƙusa gindin turmi muna tankaɗe rairayi da rariya, muna korar kaji. Gwaggo ba ta gani sosai, amma yatsunta na gani. Duk ƙwayar da anka sa mata a tafi sai ta murza ta ce, "Wagga ta fashe," ko ta ce, "Wagga na da rai." Tun hantsi har azahar ta wuce muna abu guda. Ƙaiƙayi ya shiga min wuya da ido, ban sosa ba.

Abin da munka tara, cikin kwalin ashana anka zuba shi, bai ko cika ba. Na ce a raba biyu ta riƙe rabi. Ta ce a'a. Ta ce, "Kai ma Yaya duka. Ni na ga nawa ya yi amfani, na ga ɗan Yaya ya ƙoshi." Ta naɗe kwalin cikin tsumma, ta sa Hadiza ta ɗinke min bakin aljihu da zare.

Dawowa ba wani labari. Jandarman nan ba shi ke bakin aiki ba, na ji daɗi, don ban san mi za ni ce mishi ba. Ilu ya ƙara ɗauko ni, a gulbi na ce ya tsaya in taka da ƙafata, hannuna kan aljihu.

Na iske Baba ƙofar gida. Ya dubi hannuna, ya dubi bayana, bai ga buhu ba. Na farke aljihu na ba shi kwalin, na faɗa mishi komai, ban rage ba. Ina jiran faɗa. Ya buɗe, ya kai hanci, ya rufe ido ya daɗe. Sai ya ce, "Da daɗi?"

Na ce, "Mi, Baba?"

Ya ce, "Furar."

Na ce, "Baba, kamar ta Inna."

Ya ce, "To." Ya goge ido da bakin riga. Ya sa anka kawo faifai, ya juye, ya raba uku da farce. Kashi guda ya ce mu shuka. Guda a kai ma wani amininshi da ke Kamarawa ya shuka can. Guda a zuba cikin kwalba a toshe, sai an ga damina ta zauna. Ya ce geron nan ba za shi ƙara kwana wuri guda ba.

Ruwa ya sauka, mun shuka, layi huɗu ne kacal, kuma ya tsiro. Sabara da kalgon da kuke gani na bari cikin gonar kuna cewa na koyo ragwanci Faransa, ku ci gaba da dariya, ba na jin ku. Baba kullum da safe sai an kai shi, ya zauna bakin layin nan huɗu shina kallo, ƙarfinshi na raguwa, geron na tashi. Shekaranjiya ina gyara mishi tabarma ya riƙe min hannu. Ya ce, "Zangarniyar da ta fara nuna ta Tumba ce. Ko ina nan ko ba ni nan, kai za ka kai mata. Kuma in ka isa, tun daga bakin ƙofa ka faɗi abin da ya kawo ka."